Tukunyar Tatar Toka

Har yau haushin kaina nake ji. A Kiyawa ne, da la'asar, kakata ta sa ni gadin ruwan toka. Tsohuwar tukunya ce mai ƙananan huji a gindi, an shimfiɗa ciyawa, an zuba toka da ruwa, yana ɗiga cikin kwano ɗis-ɗis. Miya na jira, yunwa na cina.

Na ɗauko ƙusa in faɗaɗa hujin, sai gindin ya rufta.

"Ke 'yar nan," in ji kakata, "uwata ce ta huda ta shekarar da Turawa suka shigo. Ba wanda ya taɓa yi mata gaggawa."

Yanzu a masana'antar man gyaɗa nake aiki. In injin tacewa yana jan jiki, sai in goya hannuwana a baya.