Gurbi Ɗaya a Binciken Mars

Gurbin binciken duniyar Mars guda ɗaya ne, da tallafin shekara biyar, kuma Tomoki aka ba. Ana gab da yanke hukunci ya raɗa wa Farfesa Kuwabara cewa abokiyar takararsa, Shiori, tana da juna biyu, ba za ta iya aikin ba.

A wajen walimar taya murna Shiori ta zuba wa Tomoki shayi da hannu biyu tana dariya.

"Angon Mars! Ai tun watan jiya na janye. Na ce wa Farfesa kai ya dace a ba, don ban san mai amana kamarka ba."

Tomoki ya dire kofin bai kurɓa ba. Can ƙarshen tebur, Farfesa ya ajiye tsinken cin abincinsa yana kallonsa.