Rufin Asibiti a Kafaɗata

Rufin asibitin na kan kafaɗata, sai ga ƙanena ya sauko daga sararin sama.

"Kama min! Ƙarfina ya ƙare!"

Ya harɗe hannuwa. "Ka san dokarmu, Yaya. Jarumin da rai ya salwanta a hannunsa, ya sauka daga shugabanci."

Sai na lura yanke ginshiƙan aka yi. Wutar idonsa kaɗai ke irin wannan yanka.

"Saboda kujera? Marasa lafiya ne fa a nan!"

"Na gaji da bin bayanka. Saki kawai."

Siminti ya fara zubowa. Jini ya cika min baki.

Na ce, "Da ka ɗaga wayata da safe, da ka san wa na kawo."

Daga gadon ƙarshe Umma ta ɗago kai. Ita ta ɗinka mana ƙyallen rufe fuska, ba ma ɓoyuwa gare ta.

"Auta, kai ne? Taimaki yayanka mana."

Ya rugo ya sa kafaɗa, yana kuka. Rufin ya tsaya, amma in ɗayanmu ya saki, zai rufta.

Ga Umma dab da mu, ga hannuwa huɗu, babu na ɗaukarta.