Wa Zai Wanke Inna Turai?

Inna Turai ce mai wankan gawar mata a unguwar Kabara. A hannun kakarta ta koyi aikin tun tana da ƙuruciya, kuma duk macen da ta rasu a lungunan nan, ƙofarta ake bugawa. Za ta daka ganyen magarya, ta jiƙa kafur, ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta sa a riƙe zane a kan mamaciyar yadda ko ita kanta ba za ta kalli tsiraici ba. Abin da ta gani a ɗakin nan kuwa, a ɗakin yake ƙarewa. Har ta tsufa ba a taɓa jin bakinta a kan jikin wata ba.

A shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, ciwo ya kama ta a nono. Gyambo ne mai ci, ya ƙi jin magani. Ta ɓoye shi da mayafi da turare, don ita mace ce mai tsananin kunya. Ta san tafiya ta matso, kuma burinta ɗaya ne: 'yarta Bahijja ta koyi aikin, ta wanke ta da hannunta, kada idon bare ya ga abin da Allah ya rufa.

Amma ina Bahijja ta ga ta zama? An naɗa ta shugabar matan wata jam'iyya a unguwa. Yau rabon anko, gobe taron kamfe, jibi rakiyar ɗan takara da guɗa. Duk ranar da aka yi rasuwa uwar za ta aika mata, ita kuma ta ce tana zuwa. Ba ta taɓa zuwa ba.

Wata rana Inna Turai ta riƙo hannunta ta ce, "Bahijja, akwai abin da ke jikina da ba na son kowa ya gani sai ke. Ki biyo ni ko sau ɗaya ki ga yadda ake yi."

Sai cewa ta yi, "Haba Inna, ki daina yi wa kanki fata. A gama zaɓe tukuna."

Sauran matan unguwa ma ba su fi ta ba. Tsohuwar nan ta bi su gida-gida tana roƙo. Wannan ta ce tana tsoron mafarki, waccan ta ce mijinta ba zai ƙara cin tuwonta ba. Wai manyan mata, masu jikoki! Kowacce ta miƙe ƙafa, tunda ga Inna Turai, kamar an ce musu ita ba za ta mutu ba.

Kafin a rantsar da sabuwar gwamnati, wata safiya, Allah ya karɓi abarsa.

Maza suka cika ƙofar gida. An haƙa kabari, an ɗinka likkafani, makara na jingine a zaure. A cikin gida kuwa mata sai kallon juna suke. Goni Bukar, limamin unguwa, ya aiko a karo na farko cikin lalama, a na gaba ransa a ɓace, ya ce rana na yi, kuma ba a ajiye gawar Musulma haka. Daga baya ya zo da kansa ya tsaya a bakin zaure yana ɗaga murya yana faɗa wa Bahijja yadda za ta yi. Ta shiga ɗakin. Ba ta san yadda ake juya gawa ba, ba ta san ta ina za ta fara ba. Da ta ɗaga zanen ta ga ciwon da uwarta ta daɗe tana fama da shi ita kaɗai, sai ta fito da gudu ta zube a tsakar gida.

Nan wata ta ce ai akwai wata Larai wajen Ƙofar Wambai da ke taɓa aikin. Aka ɗauko ta.

Larai ta iya zuba ruwa, amma ba wanda ya koya mata riƙe amana. Ko ƙofa ba ta tura ba. Ta yaye zanen gaba ɗaya, ta rafka salati, har tana yafito na kusa su leƙo. Kuma wallahi suka leƙa! Matan da Inna Turai ta suturta iyayensu, su ne suka yi cincirindo a bakin ƙofa suna toshe hanci.

Kafin sadakar uku magana ta gama gari. Daga ciwo aka koma cewa nonon ya ruɓe tun tana da rai. Daga nan wani marar tsoron Allah ya ƙara da cewa ashe ruwan wankan gawa take sayar wa 'yan siyasa su yi asiri, shi ne Allah ya tona ta. Ƙarya ce tsagwaronta, amma wa zai tsaya bincike?

A wani gidan suna Bahijja ta ji da kunnenta. Wata mata da ba ta gane ta ba ta juyo tana ba ta labari har da tofar da yawu, ta ce, "Ke dai Allah ya raba mu da irin ƙarshen Turai mai wanka." Bahijja ta ja mayafinta ta fice. Abu ɗaya tsohuwar ta roƙe ta a duniya, kuma da ta yi shi, da ba wanda zai san akwai ciwon.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ilimin da ke hannun dattawanmu ba zai jira mu gama hidimarmu ba. Mu zauna mu koya tun suna da rai, aikin da kuma amanar da ke tare da shi, don ranar da muka ƙi karɓa, su ne za su fara tozarta, mu kuma muna biye.