Hoton Bajamushen Baba

Ina aji shida aka dakatar da Baba daga masaƙa a Bompai saboda yajin aiki. Ya dawo Dakata a ƙafa, auduga har cikin gemu. An ce sai ya kai takardar neman afuwa za a mai da shi.

A bangonsa akwai hoton wani Bajamushe da ya yanko daga mujallar ƙungiyar ma'aikata. Baba ya ce mana wai ɗan dako ne ya zama shugaban 'yan gurguzu, ya shekara sha ɗaya a ɗaure bai janye ba.

Na ce, "Daga nan fa, Baba?"

"Suka harbe shi."

Inna ta ajiye masa biro. "Malam, shi ma 'ya'yansa shida ne?"

Baba ya tashi ya kifa hoton kamar zai yi salla, alhali ya riga ya yi la'asar. Ya ce, "Uwata, zo ki rubuta. Hannunki ya fi kyau."

Yana faɗa ina juyawa Turanci. Suka mai da shi.

Har yau in aka yaba rubutuna, gajiya kawai nake ji.