Tsohon Mai Hura Wutar Gidan Burodi

Tunda na ji kana shirin kawo sababbin injuna wurin sana'arka, zauna ka ji wannan kafin ka sallami kowa.

An yi wani mai gidan burodi da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya kuma gaji wani tsoho da ke hura wutar tanderu tun mai gidan yana rarrafe. Shekara talatin tsohon nan yana faskare yana shan hayaƙi, har gashin girarsa ya ƙone bai sake fitowa ba. Da itace ya yi tsada, hayaƙi kuma ya ishi maƙwabta, sai mai gidan ya jera farantan sola a kan rufi, ya sayo tanderun lantarki mai maɓallai. Abokai suka ce ya sallami tsohon, tunda wutar yanzu ba ta neman mai hurawa. Shi kuwa ya kasa, don a hannun tsohon ya fara cin burodi mai zafi. Sai ya ajiye masa benci a inuwa ya ce, "Baba, ka huta, abincinka yana nan." A ganinsa ya gama alheri. Bai san cewa mutumin da ya saba cin guminsa, in ka zaunar da shi, korarsa ka yi cikin ladabi ba. Tsoho ya rame, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa.

Ana nan damina ta sauka. Burodi ya riƙa fitowa sama a ƙone, ciki ɗanye, masu shayi suna dawo da shi. Mai gida ya danna maɓallan nan har ya gaji, ashe na'ura lamba ta sani, ba ta san halin kwaɓi ranar da gari ya yi sanyi ba. Wata safiya haƙurin tsoho ya ƙare. Daga bencinsa ya ɗaga hanci ya shinshina ya ce, "Wutar nan ta yi yawa. Ku rage ta, ku ba kwaɓin lokaci." Aka yi yadda ya ce, burodi ya fito lafiya lau. Kunya ta kama mai gida. Ya riƙo hannun tsohon zuwa gaban tanderu, ya yi mako guda yana koya masa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, tsoho yana mita wai wutar da ba ta toka ai ba wuta ba ce. Tun daga ranar tsohon ne shugaban masu gashin burodi, ba tari ba hawaye, kuma ba gwangwanin burodin da ke fita sai ya ce a sauke.

Ka ga abin da ya sa Hausawa ke cewa, da tsohuwar zuma ake magani.