Wadda Ta Rufe Masa Ƙofa

Mai kitso ta kai rabin kan Nas lokacin da Doguwa, ƙawar Nas ɗin, ta jingina wayarta da madubin shago ta ƙure murya. Waƙar farko ce ta wasu samari da suka kafa sabuwar ƙungiya, kuma tun fitowarta ba a jin komai sai ita, daga shagon aski har cikin tasi.

Jita ce ta fara, a hankali. Sai murya ta shigo, mai ɗan dishi-dishi kamar ta wanda ya tashi daga barci. Tsinken kitso ya tsaya cak a hannun mai kitso.

Ta san muryar nan. Ta sha jin ta da safe ta bayan ƙofar banɗaki, ta sha buga ƙofar tana cewa a tausaya wa kunnuwan maƙwabta.

Mawaƙin yana ba da labarin wata da ta ce ya zaɓa, ko ita ko jita. Ya ce ana tsuga ruwa ta turo masa jakarsa waje, ta danna sakata.

"Kai, wannan yarinya ba ta da imani," in ji Doguwa. "Mutum mai murya haka ki bar shi a cikin ruwa? Ni da a ce ni ce, har ƙofar zan cire masa."

"Wash! Anti, a hankali mana, kan nan nawa ne fa," in ji Nas.

Mai kitso ta sassauta hannu.

Abin da waƙar ba ta faɗa ba shi ne, rufe ƙofa tsohuwar al'adarsu ce su biyu. Duk ranar da ya ɓata mata rai sai ta danna sakata, shi kuma ya zauna a matakala yana rera mata ban haƙuri, yana sa sunanta a inda bai dace ba, har dariya ta ƙwace mata ta buɗe. Ranar ma haka ta zata. Ta tsaya a bayan ƙofa, hannunta a kan sakata, tana jiran ya fara. Bai fara ba. Da ta gaji ta buɗe, ba kowa, sai ruwa da ke gangarowa a matakala.

Tun ranar ba ta ƙara sa sakatar ba. Ƙanwarta ta yi mata faɗan ɓarayi har ta haƙura. Lambarsa ta daina shiga, abokansa suka ce su ma nemansa suke. Abu ɗaya ne ya riƙe ta tsawon shekarun nan: wata rana zai huce, ya zo ya tura ƙofa, ya tarar ba a kulle take ba.

Shi ya sa ta kasa kunne ga baitin ƙarshe. Kiɗa ya yi ƙasa, murya ta rage ita kaɗai. Ya ce har yanzu yana jin ƙanshin man kitso na hannun da ya saba shafa kansa. Ya ce ya yafe. Sannan ya ce ya daina zama a matakala, ko an buɗe yanzu, ya riga ya yi nisa.

Waƙa ta ƙare. Doguwa tana share ido da gefen mayafi, tana tsine wa duk macen da ba ta san darajar so ba. Nas kuwa ta ɗan shaƙi iska, ta kalli kwalbar man da ke kan tebur, ta kalli hannun da ke kanta ta cikin madubi.

"Man kitso fa ya ce! Anti, kar dai a ce ke ce budurwar?"

Su biyun suka kwashe da dariya har da tafawa. Sai da ɗigon ruwa mai ɗumi ya sauka a tsagar kan Nas suka yi tsit.

Mai kitso ta ajiye tsinken a hankali, idonta a kan ƙofar shago da ke buɗe.

"Wace budurwa?" ta ce. "Yaron da ko gaida 'yan mata kunya yake ji. Ni na haife shi."