Ƙwaryar Ruwa a Ƙofar Jirgi

Tunda kana ƙorafin an cika jan ƙafa da gwaje-gwaje a wurin aikinku, zauna ka ji misalin wani maƙerin jirage. Tun yana ƙaramin soja aka harbi amininsa a ciki, can a kan wasu duwatsu. Su huɗu suka ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata, suka ruga da shi wurin jirgi mai saukar ungulu da ya zo ceto. Ashe ƙofar jirgin ta yi ƙunci. Gadon ya ƙi shiga sai da suka karkata shi, suna karkatawa kuwa raunin ya buɗe, jini ya ɓalle, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Maƙerin nan ne ke riƙe da gefen da aka ɗaga, abin kuwa ya tsaya masa a rai har ya yi furfura.

Allah Ya buɗa masa, ya yi karatun ƙere-ƙere mai zurfi, har aka wayi gari manyan soja sun damƙa masa aikin ƙera sabon jirgi mai saukar ungulu, wanda zai ɗauki dakaru da kaya da masu rauni. Manya suna ta tambayar inda za a ɗaura bindiga da irin gudun da zai yi, shi kuwa gogan naka da ƙofa ya fara. Ya sa aka haɗa gangar jikin jirgin da katako a tsakar ma'aikata, ya ɗora buhun gero mai nauyin ƙato a kan gado, sojoji huɗu su rugo da shi, a bakin ƙofa ya aza ƙwarya cike fal da ruwa a kan buhun, ya ce su shige. In ruwa ya zuba, sai a rushe, a faɗaɗa ƙofa, a sassauto da daɓe, a sake. To, ƙofa in ta faɗaɗa jiki ya yi rauni, sai an ƙara ƙarfe. Ƙarfe in ya ƙaru nauyi ya ƙaru, inji ɗaya ba zai ja ba, sai biyu. Da injunan suka samu kuma ya kafe cewa ba za a gwada su da sanyin safiya ba, sai tsakar rana a bazara, a kan tudu, lokacin da iska ke yin sakayau farfela ta rasa abin kamawa, domin harsashi ba ya jiran rana ta yi sanyi. Ana cikin haka bikin faretin da aka so a nuna jirgin ya zo ya wuce. Aka raɗa masa suna Mai Ƙwarya, ana yi masa dariya a bayan ido, manya suka yi masa kashedi cewa kujerarsa na rawa. Kada ka zaci bai ji tsoro ba. Yana da iyali, yana son aikin nan kamar ransa, sau da yawa ya yi niyyar ya kau da kai ya sa hannu a wuce wurin. Amma duk sanda ruwa ya tsiyaya a kan buhun nan, ba ruwa yake gani ba, sai ya ce a sake.

Ranar da ƙwarya ta shiga ta fita ba ɗigo, haƙurin manya ya riga ya ƙare. Aka sallame shi, wani ya gaji kujerarsa, wannan ɗin aka tafa wa ranar da jirgi ya fara tashi a gaban jama'a. Jirgin ya fito da faffaɗan ciki, ba kyan gani, sojoji suka sa masa suna Kwaɗo. Amma Kwaɗon nan shi ke kai dakaru inda mota ba ta zuwa, shi ke rataye tankin ruwa a ƙugiyar cikinsa ya haura dutse da shi, ambaliya in ta ci gari shi ke zura igiya ya tsamo mutane daga kan rufi. Tsoho yana gida, in ya ji rugugin farfela ya ɗaga kai ya bi shi da kallo, zuciya da ɗan ɗaci.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da hantsi wani saje mai dogara sanda ya yi sallama a ƙofar gidansa, riƙe da sabuwar ƙwarya cike da ruwa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Baba, ranar da aka harbe ni, da rana tsaka Kwaɗo ya ɗauke ni a kan dutse. Likita ya ce ƙarfen da ke cikina yana jingine da babbar jijiya, da an karkata ni ko yaya da an yi sadakar bakwai. Matuƙin jirgin ne ya ba ni labarinka." Tsoho ya miƙa hannu ya karɓa. Wanda bai taɓa yarda ɗigo ya zuba ba, ran nan ruwa na zuba a rigarsa, hawaye na bin gemunsa, ya ambaci sunan amininsa ya yi masa addu'a, sannan ya kafa kai ya sha.

Da a ce sai ranar da aka harbi sajen nan za a tsaya auna ƙofa, da yanzu 'ya'yansa marayu ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.